Sunan da Na Rubuta a Takardar Sukuwa

A zamanin da nake magana, idan doki ya ci sukuwa a Maraɗi ba wanda ke tambayar wa ke bisansa. Sai dai ka ji gari ya ɗauka, "Alhaji wane ya ci!" alhali Alhajin yana zaune a rumfa ana yi masa fifita, ko zufa bai yi ba. Mahayi kuwa a ba shi goro da tsohuwar riga, in shekara ta yi kyau a kai masa buhun hatsi gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya ce abin bai yi ba, har su mahayan. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. So nake a san irin kan da ke wuyana ranar da na ɗauki bik, alƙalamina na rubutu.

Taubashina mahayi ne. Ɗan gwaggota ne, mutumin Jiratawa, ya girme ni da shekara huɗu amma kafaɗata bai wuce ba. Da damina yana gona, sauran shekara yana bargar wani Alhaji na Sabon Gari mai fataucin atamfa, wanda ya yi wa hawa kusan shekara ashirin. Ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ya hango ni sai ya ce ga bawansa nan mai cin alli, ni kuma in tambaye shi ko yau ma sai da aka ɗaga shi aka ɗora. Ƙafafunsa sun gwame saboda hawa, haƙarƙarinsa biyu sun taɓa karyewa, amma a kan doki ban ga kamarsa ba. Ba ya yawan bulala. Kwanciya yake a wuyan dokin yana yi masa magana a kunne, mu kuwa muna ce masa tsegumin Alhaji yake kai masa.

Ni a lokacin mushe ne, yadda ake ce wa malamin boko a wajenmu, ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar Tsibiri. Alhazai masu dawaki suna da kwamitinsu tun kafin soja su karɓi mulki, su ke share fili, su ke sa rana, su ke raba gardama. Cikinsu babu mai rubuta Faransanci, sai suka yi ni sakatare. Ba albashi, amma ina zama a rumfa, ana kawo mini lemo mai sanyi, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi ƙwarai.

Shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana ciki bai fito da kai ba, takarda ta zo daga Yamai. Za a yi babbar sukuwa a can bayan watanni, mahayan ƙasashen maƙwabta za su zo, kuma an ba Maraɗi gurbi guda cikin waɗanda za su tsaya wa ƙasa. Aka ce mu yi tseren zaɓe, wanda ya ci za a aiko masa da rigar ƙasa. A daidai lokacin ne kuma soja suka kafa nasu sabon kwamitin wasanni, suka ɗora wani kapitan a kai, saurayi dogo mai son tsari, wanda ban jin ya taɓa riƙe ragama. Bai rushe kwamitin alhazai ba, su ma ba su je gaishe shi ba. Kowa ya yi kamar bai san da ɗan'uwansa ba.

Aka yi tseren ranar wata Lahadi da la'asar. Taubashina ya hau akawal ɗin Alhaji, baƙi wuluk mai farin goshi. Har zagaye na ƙarshe yana na uku, sai ya kwanta, dokin ya miƙe, ya wuce su kamar suna tsaye. Fili ya ruɗe. Maroƙa suka yo kan Alhaji, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga hannunsa sama.

Cikin wannan hayaniyar aka miƙo mini takardar Yamai in cika. Layi ɗaya ne a kanta mai muhimmanci, sunan wanda ya ci. Ban tambayi kowa ba, ban ma tsaya tunani ba. Na dafa takardar a gwiwata na rubuta sunan Alhaji da na mahaifinsa, da rubutun nan nawa mai kyau da nake dukan yara su kwaikwaya. Taubashina yana tsaye bai fi taku goma da ni ba, yana riƙe da linzami, bakinsa duk ƙasa. Har ya ɗago mini hannu ya ce, "Bawa, rubuta da kyau!" Ana ga doki, ni ina ga ƙura. Shugaban alhazai ya buga hatimi, takarda ta tafi.

Bayan sati uku rigar ta iso tare da takardata, aka tara mu a farfajiyar biron kapitan, wato ofishinsa. Ya buɗe ƙunshi ya ɗaga ta. Ruwan goro a kafaɗa, fari a tsakiya da ɗan zagayen rana a ƙirji, tsanwa a ƙasa, ga hula irinta. Yadin yana sheƙi, 'yar ƙarama ce, an ɗinka ta don mutum marar nauyi. Kapitan ya kira sunan da ke takarda. Alhaji ya taso da babbar rigarsa da tumbinsa, ya karɓa, ya juya ta, ya gwada zura hannu ko gwiwar hannun ba ta shiga ba. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

"To madalla," in ji shi. "Ranar sukuwa sai in ba yarona shi sa."

Yaron nan da yake nufi shi ne taubashina, mai furfura a gemu.

Kapitan bai yi dariya ba. Ya sa hannu ya karɓe rigar. Ya ce wannan ba rigar barga ba ce da maigida zai ara wa bara, rigar ƙasa ce, wanda sunansa ke takarda shi kaɗai ke sa ta. In Alhaji ne ya ci, to Alhaji ya shirya hawa. In kuma ba shi ba ne, to wani ya yi wa hukuma ƙarya a rubuce. Ya naɗe ta, ya sa a akwatin ƙarfe, ya kulle a gabanmu.

Na zaci abin kwana biyu ne. Kuskuren layi ɗaya, a soke a sake. Washegari na je wurin kapitan da sabuwar takarda. Ya ce ba zai karɓi gyara daga kwamitin da ya yi ɓarnar ba, sai dai alhazai su kawo hatiminsu su ajiye, daga nan sabon kwamiti ya rubuta sunan da ya dace. Na koma wurin alhazai, su kuma suka ce wane gyara? Shugabansu, tsoho mai kaifin baki, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Doki namu, hatsin da ya ka ci namu, hili mu munka share shi tun wanga yaro bai san sa wando ba. Yau a ce mahayi na yac ci, gobe kowane mahayi shi taho shi zamna bisa kujerata?"

Na ce ranka ya daɗe, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ya ce wannan gyaran sauke mu raba ne, kuma in rufe baki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Alhajin da kansa. Ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce, "Mushe, kwantar da hankalinka, ba ka yi kuskure ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis na hau mobileti, ɗan babur ɗina, na tafi Jiratawa. Gulbi ya bushe ƙaƙas, rairayi kawai. Na tarar da taubashina yana gyaran danga. Na zayyana masa komai, ban rage ba, na ce laifina ne. Ya ajiye karan da ke hannunsa ya dube ni.

"Kana nuhin sunana ya kamata a sa? Nawa, ni?"

Na ce naka.

"Har Yamai a karanta shi?"

Na ce har a rediyo.

Ya zauna a kan turmi. Na san shi tun muna tsirara, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Can ya ce, "Wallahi Mushe, ni ban san ina so ba sai da nig gan ta. Da kapitan yaɗ ɗaga ta, nac ce ma raina wagga daidai ni ta. Sai kuma nij ji kunya." Sa'annan ya ƙara, "Sau guda dai. In sa ta sau guda bisa akawal, ɗiyana su ji."

Daga ranar bai ƙara zama lafiya ba, kuma ni na jawo masa. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai nemi komai ba, na je har gida na gaya masa yana da abin da aka hana shi.

Fari ya kankama. Rumbuna suka zama wofi tun kafin sanyi ya fita. Mutanen arewa suka cika bakin gari da 'yan komatsansu, aka shiga bin layin jar dawar taimako. Mazan Jiratawa masu ƙarfi duk suka watse cin rani, wasu suka ratsa daji suka yi kudu duk da an rufe iyaka. Ƙanensa ya zo har sau biyu ya ce su tafi, ya ƙi. Ya ce in aka gyara takarda ba ya nan fa? Kuma wa zai riƙe dokin?

Dokin ma ya shiga wani hali. Alhaji ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Kullum da safe ana dama tukunyar kunu uku a ƙofar gidansa, duk wanda ya zo ya sha. Amma ya ce ba zai ba dabba dawa mutane na kallo ba, balle dabbar da soja suka sa aka yi masa dariya a kanta. Aka bar akawal da ɗan kara da dusa. Sai taubashina ya ɗauki abin a kansa. Kullum ya bi gindin gawo yana tsintar 'ya'ya, ya cika buhu, ya ɗauko a ka daga Jiratawa har Sabon Gari. Ya wanke dokin, ya zaga da shi don kada ƙafa ta mutu, ya koma gida a ƙasa. Na taɓa tsokanarsa na ce bana dai ba sai ya yi fama da rage ci don nauyi ba. Ya yi dariya, amma da na ga wuyan hannunsa na yi nadamar maganar.

Wata rana ina aji aka ce ana sallama da ni. Matarsa ce, ta tako tun daga Jiratawa, ta ƙi ko zama.

"Mushe, kai kaɗ ɗaura, kai za ka kwance. Dawar da anka ba mu, na kama shi yana ɗibar ma doki. Tiya guda cikin huɗu. Ɗiyana na kwana da ruwan rogo, shi yana kiwon dokin wani. Ko ku ba shi rigar, ko ku ce mai babu, shi tahi nema awa kowa."

Na ba ta abin da ke gidana na hatsi, ta karɓa ba godiya, kuma ban ga laifinta ba.

Na rubuta wasiƙa Yamai har uku. Ta farko aka amsa cewa magana ce ta Maraɗi, a daidaita a gida. Sauran biyun ko amsa. Aka yi zama tsakanin kwamitocin biyu sau biyu. Zama na farko ya watse a kan wa zai zauna a kujerar tsakiya. A na biyu na miƙe ba a ba ni izini ba, na ce jama'a ni na rubuta, ba wanda ya sa ni, ku hukunta ni ku ba mutumin nan rigarsa. Aka ce in zauna, ba maganata ake ba. Kuma gaskiya ne, ba maganata ake ba, ba kuma ta taubashina ba. A zaman nan gaba ɗaya ba wanda ya ambaci sunansa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Saura sati biyu sukuwa kapitan ya aiko a kira ni. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya tura mini takarda da aka riga aka buga da keken rubutu, wadda ke cewa alhazai ne suka tilasta mini in sa sunan ɗan'uwansu don su danne haƙƙin talaka. Ya ce in na sa hannu, da wannan zai rushe kwamitinsu, kuma kafin la'asar sunan taubashina yana kan hanyar Yamai.

Na karanta ta sau biyu. Na ce ba haka aka yi ba, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Ya ce to shi ke nan, in tashi.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina gaskiya na riƙe ranar. Yanzu da na tsufa ba ni da wanda zan ruɗa. Ƙarya ce takardar, haka ne. Amma abin da ya riƙe hannuna tsoro ne. Kapitan yau yana nan gobe an ɗauke shi, alhazai kuwa da su zan tsufa a garin nan, su ke zuwa sunan 'ya'yana, wurinsu nake zuwa in ta matse. Na auna zamana da su da rigar taubashina, na zaɓi zamana. Ban taɓa gaya masa an yi wannan tayin ba.

Ranar sukuwar na tafi Jiratawa da rediyona, don na ga bai kamata ya ji shi kaɗai ba. Muka zauna gindin itacen bedi da hantsi. Mai sharhi ya lissafa mahayan da suka sa rigar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsu. Da ya zo kan gurbinmu ya ce Maraɗi ba ta aiko da kowa ba, an ba wani daga gabas. Taubashina ya saurari tseren har ƙarshe, jikinsa yana ɗan rausaya gaba kamar yana bisa. Mahayin wata ƙasa ne ya ci. Da aka faɗi yadda aka ƙare sai ya ce, "Sun yi saurin sakin dawakinsu. Da na jira su a kwana ta ƙarshe." Ni ne na yi kuka, shi yana ba ni haƙuri.

Ba a yi wata ba Alhaji ya sayar da akawal ga wasu fatake da suka ƙetara da shi. Ba a gaya wa taubashina ba, ya zo da buhun gawonsa ya tarar da turke. Sa'annan ne ya tafi cin rani, a makare, lokacin da duk wani aikin kirki an riga an kama. Ya yi dako a wata tasha a kudu, mutumin da buhu ya kusa fin shi nauyi. Ya dawo da damina da ciwon baya da tari. Ƙaramar ɗiyarsa ta rasu ba ya nan. Ban ce rigar ce ta kashe ta ba, yara da yawa sun tafi a shekarar, har a gidajen da ba a san doki ba. Amma uwarta ba ta ƙara kallon idona ba har ta bar duniya. Shi kuwa bai sake hawa ba.

Bayan shekara huɗu aka ɗauke kapitan, shugaban alhazai ya rasu, waɗanda suka rage suka ga ba abin faɗa. Aka haɗe kwamitocin biyu, aka yanka rago, aka yi hoto. Aka kira ni in taya su tantance tsofaffin takardu, sai ga akwatin ƙarfe a lungu, sai da aka fasa kwaɗon. Rigar tana ciki yadda aka naɗe ta, da takardata a kai. Na ba sabon akawun labari a taƙaice. Ya ce, "A'a, wannan ai ba wani abu ba ne." Ya ja layi a kan sunan Alhaji, ya tambaye ni na taubashina ya rubuta a sama, ya buga hatimi, ya miƙo mini duka biyun. Ya koma kan shayinsa.

Ban tsaya ko gida ba, na wuce Jiratawa. Na same shi kwance a tabarma a inuwar zaure, ya tashi zaune da ƙyar. Na warware rigar na ɗora masa a cinya. Ya shafa ta da bayan hannu, don tafinsa ya yi kaushi, yana tsoron kada ya ja zaren. Ya ce in nuna masa inda sunansa yake. Na ɗora yatsansa a wurin, na karanta masa, nasa da na mahaifinsa.

Na ce, "To sa ta mana mu gani."

Ya girgiza kai. "Ba a sa ta ƙasa, Mushe. Bisa doki a ka sa ta." Ya naɗe ta a hankali, ya bi sawun naɗin da ta zo da shi, ya miƙo mini. "Mai da musu. In ta zamna nan, jikoki za su tambaye ni yaushe nis sa ta."

Takardar kawai ya riƙe. Ya daɗe yana duban layin da aka ja, sa'annan ya ɗago.

"Wanga gyara, kwana nawa yaɗ ɗauka?"

Da na ce masa wata uku aka yi ana fama, da ya yarda, don bai taɓa ƙaryata ni ba. Na buɗe baki in faɗi haka, na kasa.

Na ce, "Ina tsaye aka yi shi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To." Ya juya ya kira cikin gida a kawo wa baƙo ruwa.